Abin da Troels Ya Kai Montevideo

Talata, 4 ga Nuwamba, da safe

Troels ya tafi jiya. Mijina Preben ne ya kai shi tashar jirgin ƙasa, ni ina kantin magani wurin aiki, ban kuma nemi izinin fita ba. Daga Copenhagen sai Madrid, daga Madrid sai Montevideo, inda wata mata mai suna Graciela za ta baje aikinsa a gidan nunin zanenta. Ƙanena ke nan, autan mahaifiyarmu, wadda muke kira Mor. Shi ne mai sassaƙa katako ya shafa masa tawada ya buga a takarda, shi ne mai narka tagulla ya zuba ta zama mutum. Har a Uruguay an san sunansa. A gidan tsofaffi kuwa, inda uwar da ta haife mu take kwance shekara ta uku ke nan, an san shi da mai zuwa ranar Lahadi da fure.

Preben ya ce in daina yi wa tukunya magana, in nemi littafi in rubuta. To ga shi ina rubutawa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, tun muna yara Troels bai taɓa gama abu bai jawo ni na gani ba. In ce ya yi kyau, ya ce ban duba ba, mu kaure da faɗa. Haka muka saba. Amma bana tun watan Mayu ya saya wa rumbunsa na bakin tashar jiragen ruwa sabon kwaɗo. Akwatuna suka fita a watan Satumba, ko kusurwar takarda ban gani ba. Da na tambaya sai ya ce, "Vibse, ba irin abin da kike so ba ne." Yaushe ya fara damuwa da abin da nake so?

Ba zargi nake yi ba.

Laraba, 5 ga Nuwamba, da yamma

Mor ta sha miya kaɗan, sauran ta tura da harshe. Yau ma "ke yarinya" ta kira ni. Ta ce in gaya wa masu gidan ɗakin akwai sanyi. Rabon da ta kira ni da sunana, Vibeke, har na daina lissafi. Amma ina shiga ta tambaye ni, "Ina Troels? Ya ci abinci?" Mutumin da ya haura hamsin, gemunsa duk furfura.

Ina ninke mata tawul sai Jytte ta leƙo. Ita ce ma'aikaciyar da ta fi kula da Mor, mace mai faɗi, mai dariya da ƙarfi. Ta ce, "Gobe za mu yi kewar ɗan'uwanki. Mutumin nan akwai haƙuri, ya zauna tun hantsi har yamma yana ta zane."

Na ce, "Gobe? Ai ranar Lahadi yake zuwa."

Ta ce, "Da Alhamis."

Tana faɗa sai fuskarta ta canza, kamar wadda ta taka wutsiyar kyanwa. Ta ce ana kiranta a ɗaki na gaba. Babu wanda ya kira ta, ina da kunne.

Alhamis ce kaɗai ranar da ba na zuwa. Kowa ya sani.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, da rana

Alhamis ce ranar da ake yi wa Mor wanka.

Asabar, 8 ga Nuwamba, da hantsi

Na tuna wani abu. Cikin watan Agusta ina yanke wa Mor farce na ga farin gari ya daskare a ƙarƙashinsu, har da gashin wuyan hannunta. Na tambaya, aka ce wataƙila alli ne daga ɗakin wasanni. Mor ba ta je ɗakin wasanni ba tun bara. Na san farin garin nan. Shi ne Troels yake kwaɓawa ya lulluɓe abu da shi in yana son ɗaukar siffarsa kafin ya zuba tagulla. Na sha share shi a motata.

In ya ɗauki hannu, me kuma ya ɗauka?

Asabar, da yamma

Troels ya kira. Bayansa hayaniya, motoci, wani yana buga guduma.

"Vibse! Nan fa rana ake yi, wallahi har na ƙone a hanci. Jiya sun ba ni nama kamar za su binne ni da shi. Ya Mor?"

"Tana nan. Ya Alhamis?"

Sai ya yi dariya. "Wace Alhamis kuma?"

"Ka sani."

"Au, wannan. Nakan leƙa wani lokaci. Laifi ne mutum ya je ganin uwarsa?"

"Turo mini hotunan abin da kake ratayewa."

"Ba a gama ba. Haske bai daidaita ba. Ke da ba ki taɓa cewa komai ba sai ya yi kyau, yau kuma hoto kike nema?"

"Eh, yau ina nema."

"Bayan an buɗe. Na yi alkawari. Ki gaida kyaftin."

Kyaftin shi ne Preben, wanda bai taɓa zama kyaftin ba, injin jirgin fito ya yi wa aiki har ya yi ritaya. Su biyu sun cika son juna. Da ina jin daɗin haka.

Litinin, 10 ga Nuwamba, bayan cin abincin yamma

Daren cin agwagwa, al'adar ƙasarmu duk shekara a irin wannan rana. Na gasa ta da tuffa a ciki kamar yadda Mor take yi, da jan kabeji da dankali mai sukari. Mu biyu kawai a tebur, agwagwa guda. Na kai wa Mor ɗan romo da rana, ta sansana ta kau da kai.

Na ce wa Preben, "Ai da motarka aka kwashe akwatunan nan."

Ya ce eh.

"Me ke ciki?"

"A naɗe suke, Vibeke. Bargo da kwali."

"Duka?"

"Duka. Miƙo mini kabejin nan."

Kabejin yana gabansa. Bayan nan ya zauna yana juya kofinsa da cokali, alhali mutumin nan bai taɓa sa sukari a kofi ba tun da na aure shi.

Ba zargi nake yi ba. Rubutawa kawai nake.

Laraba, 12 ga Nuwamba, da safe

Na nemo shafin gidan nunin a waya. Hoto ɗaya suka sa: tawul a ninke, na tagulla, an ɗora a kan farin teburi. Ƙasansa sunan Troels, da sunan nunin da yarensu. Na sa wayar ta fassara mini. Ta ce: Wadda ba ta tafi ba.

Na karanta na sake karantawa. Wadda ba ta tafi ba. Wato tsohuwar da ta ƙi mutuwa. Ya je can ƙarshen duniya, inda babu wanda ya san Agnete Skovmand, babu wanda ya san ta shekara talatin tana koyar da yaran garin nan lissafi, matar da ba ta taɓa fita zubar da shara ba sai ta gyara gashinta. Can ya kai ta, inda ba wanda zai ce masa kai, ka ji kunya. Baƙi za su tsaya da kofin giya a hannu suna kallon fatar cikinta, suna gyaɗa kai.

Ni nake wanke jikin nan in ma'aikata sun yi ƙaranci. Na san abin da ke ƙarƙashin rigar. Ko Preben ban taɓa ba wa labari ba.

Na ba wata mata maganin tari maimakon na ƙaiƙayi. Ta lura kafin ta fita, Allah ya taimake ni.

Juma'a, 14 ga Nuwamba, da yamma

Likita ya zo. Ya faɗi abin da ya faɗa. Sun daina auna mata abinci.

Asabar, 15 ga Nuwamba, da rana

Na kira Troels. Na gaya masa.

Ya ce, "Kwanaki ya ce, ko makonni?"

"Ya ce duk wanda yake son ganinta kada ya jira."

"Vibse, ranar Juma'a ake buɗewa. Asabar da safe ina cikin jirgi. Graciela ta zuba duk abin da take da shi a kan wannan, in na tafi yanzu..."

"Graciela ce ta haife ka?"

"Kada ki fara."

"Na fara. Troels, tambaya ɗaya. Ka tuɓe ta a gaban baƙi?"

"Me?"

"Ka ji ni."

"Wa ya gaya miki haka?"

"Ba ka ce a'a ba."

"Ke kam! Abin da kike ɗauka ta ke nan?" Muryarsa ta yi irin ta lokacin da yana yaro in an kama shi da ashana. Sai na ji wata mace daga nesa tana kiran sunansa, tana jan ƙarshensa kamar alewa. Ya ce zai sake kira.

Bai kira ba. Bai kuma ce a'a ba.

Lahadi, 16 ga Nuwamba, da yamma

An kawo fure daga kanti, da sunan Troels a jiki. Na sa a tulu. Mor ba ta buɗe ido ba. Na jiƙa mata leɓe da auduga.

Jytte tana guduna a baranda.

Litinin, 17 ga Nuwamba, da safe

Akwai ƙaramin makulli sabo a cikin makullan Preben, tsakanin na keke da na rumfar lambu. Ba mu da sabon kwaɗo a gidan nan.

Talata, 18 ga Nuwamba, da yamma

Na je rumbun Troels. Na ce wa Preben zan ɗauki motarsa tawa tana ƙara, na wuce bakin tasha. Ruwa ake yi, jirgin fito ya shigo, babu wanda ya dube ni. Makullin ya buɗe.

Warin tawada da man katako. Ƙasa duk ɓurɓushin farin garin nan. Tagulla babu ko ɗaya, duk sun tafi. Amma allunan katakon da yake sassaƙawa suna nan, don takarda ake kaiwa, allo a gida yake zama. Ya jingina su da bango, duk fuskarsu a ciki. Na tsaya da rigar ruwata ina ɗiga. Na ce a raina, duk abin da na gani zan ƙone shi, in ya so ya kai ni kotu.

Na juyo na farko. Gado ne, da tudun bargo, hannu ɗaya ya leƙo. Wata mata ta sunkuya a kai, bayanta kawai ake gani, ƙaton baya kamar ƙofa. Na ce wannan Jytte ce. Na juyo na biyu. Matar tana zaune a gefen gado tana yankan farce, ta ciji leɓenta na ƙasa. Da hagu take riƙe da almakashi, na ce to ba ni ba ce, ni da dama nake aiki. Sai na tuna komai a allo a juye yake, sai an buga yake miƙewa.

Ni ce.

Na juyo na uku, na huɗu, na yi ta juyowa har hannuna ya yi baƙi. Ni da cokali. Ni ina tsefe mata gashi. Ni a kujera ina barci, bakina a buɗe, takalmi ɗaya ya fita. Ni ina faɗa da wani a waya, yatsa a sama, fuskata kamar ta kare mai gadi. Mor ba ta ko'ina sai tudun bargo, sai hannu, sai farin gashi a kan matashi. Ya rufe ta ruf, ko wuyanta bai nuna ba. Ni ce bai rufe ba.

Na ƙarshe shi ya fi girma. Daga sama aka zana shi, ta tagar ɗakin Mor. Filin ajiye motoci, ƙaramar mota, mace a ciki ta kifa goshinta a kan sitiyari. Ranar Lahadi nakan ce zan ɗauko wani abu a mota. In yi abin da zan yi, in share fuska, in sa hoda, in dawo. Ina zaton babu wanda ya sani. Ashe yana tsaye a taga da fensir.

Wadda ba ta tafi ba. Tawul ɗin ma ninkina ne, na duba hoton yanzu. Ba wanda yake ninkewa haka a gidan tsofaffi sai ni.

Na zauna a kan wani akwati har duhu ya fara. Ban ƙone komai ba. Na ɗauko takarda ɗaya da ya buga na gwaji, ta yankan farce, na naɗe na sa a cikin riga.

Ya kamata in ji sanyi a raina, tunda ba abin da nake tsoro ba ne. Ban ji ba. Wa ya ba shi izini? Wa ya tambaye ni?

Laraba, 19 ga Nuwamba, da safe

Na ajiye makullin a gefen farantin Preben. Ya dube shi, ya dube ni, ya ajiye burodinsa.

Na ce, "A naɗe suke, ko?"

"Ya rantsar da ni, Vibeke."

"Ka ga na motar?"

"Na gani."

"Ka bari ya kai ni Uruguay ina kuka."

Ya ce, "Ni da nake kwana gado ɗaya da ke ban san kina yi ba. Sai da na gani a katako. Na fita waje na zauna a kan taya, ban iya tuƙi ba sai da aka jima." Ya share hanci da bayan hannu. "Ni dai a ganina ya kamata wani ya gani."

Na ce wani daban, birni guda daban. Ya tashi ya wanke kwanonin, har da waɗanda ba a ci a ciki ba.

Laraba, da yamma

Na tare Jytte a ɗakin wanki, inda babu ƙofa ta biyu. Ta ɗaga hannu biyu. Ta ce ko sau ɗaya bai shiga lokacin wanka ba, a baranda yake jira. Hannun kawai ya ɗauka, Mor ma tana dariya don garin yana da ɗumi. Ranar Alhamis yakan zo da zanen da ya yi ranar Lahadi ya ƙarasa shi a gefen gadonta, yana nuna mata.

Sai ta ƙara da abin da ban tambaya ba. Ta ce, "Kin san me? In ya nuna mata, sai ta ɗora yatsa a kai ta ce, wannan Vibeke ce, wannan tawa ce. Kullum. Da kunnena na ji."

Na ce, "Ni da raina ina tsaye a gabanta ba ta san ni ba, sai a takarda?"

Ta ce, "Haka ciwon yake, ƙawata. Ba ya bin ƙa'ida."

Jytte mutuniyar kirki ce. Shi ya sa ban yarda ba. Na sha jin ta tana gaya wa dangin wasu cewa mamacinsu ya tafi yana murmushi, alhali ina nan, na ga yadda aka tafi. Aikinsu ne. Ana koya musu. Ko kuma Troels ne ya kira ta ya ce ta faɗa mini haka.

Alhamis, 20 ga Nuwamba, da rana

Yau na je, ko da yake Alhamis ce. Na warware takardar a kan bargo. Na ce, "Mor, duba. Wace ce wannan?" Na ɗaga mata kai. Idonta ya buɗe kaɗan. Na ɗauki yatsanta na ɗora. Ta bar shi inda na ɗora. Leɓenta ya motsa, na kai kunne, iska ce kawai.

Na sake tambaya. Na sake. Sai na ji muryata ta fara tashi, na yi shiru.

Ba zan sani ba ke nan.

Juma'a, 21 ga Nuwamba, da magariba

Bayan abincin rana ne. Ina riƙe da hannunta, Preben yana tsaye a ƙafar gado. Ba wani abu babba. Numfashi, sai jira, sai numfashi, sai jira da bai ƙare ba.

Jytte ta shigo, ta duba, ta rufe mata ido. Sannan ta je ta buɗe taga gaba ɗaya, kamar yadda ake yi, don rai ya sami hanyar fita. Sanyi ya cika ɗakin. Na sa kot ɗina na zauna.

Preben ya ce, "Za ki kira shi, ko in kira?"

Na ce a bari. Can rana ba ta faɗi ba, sai anjima za a buɗe ƙofa. Na ce a bar shi ya gama, gobe ya ji. Preben ya dube ni. Na san abin da yake tambaya: tausayi ne ko horo? Ni ma na tambayi kaina.

Ba mu gama shawara ba wayar ta yi ƙara. Shi ne, kiran bidiyo. Na ɗauka, na riƙe ta kusa da fuskata don kada gadon ya fito.

Ya sa riga mai kwala, ya taje gemu. Ya ce, "Vibse, kada ki ce komai tukuna. Kyaftin ya gaya mini kin shiga rumbu. Ki zage ni daga baya. Ba wanda zai shigo nan kafin ke, na ce wa Graciela ta riƙe ƙofa." Ya juya wayar ya fara tafiya. Dogon ɗaki fari, rana tana zubowa ta sama. Ni a wannan bango, ni a wancan. A tsakiya, kan teburi, hannu biyu na tagulla, ƙarami a cikin babba. Ban san yaushe ya ɗauki nawa ba, da ido ya yi shi. Har tabon ƙunar da ke babban yatsana.

Ya juyo da wayar. "To? Faɗi mana. Ce ya yi kyau in ji haushi."

Sai ya tsaya. Ba ni yake kallo ba, bayana yake kallo.

"Me ya sa kika sa kot a ɗaki?"

Na ja wuyan kot ɗin.

"Vibeke. Tagar nan a buɗe take?"

Na ce eh.

Na ga rufin ɗakin, na ga fitilu, wayar ta faɗi ko ya ajiye ta. Na ji wani sauti da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Sai fuskar wata mata ta bayyana, gajera, tsohuwa, da tabarau a wuya. Ba haka na zata Graciela take ba. Ta dube ni, ta dubi bango, ta sake dubana, ta dafe ƙirji. Ta ce wani abu da yarensu a hankali. Na gyaɗa mata kai kamar na fahimta.

Asabar, 22 ga Nuwamba, da safe

An sauke tuta rabi a gidan tsofaffi. Na tashi zan jiƙa auduga, sai na tuna.

Litinin, 24 ga Nuwamba, da yamma

Mun jira Troels ya iso kafin a fitar da ita. Ma'aikata da tsofaffin da ke iya tsayuwa suka jeru a baranda, aka raka akwatin da waƙa har bakin mota. Troels bai iya waƙar ba, bakinsa kawai yake motsi. Hancinsa yana ɓare fata saboda ranar can.

Ni na tuƙa mu gida. Muna tsaye a danja na ce, "Me ya sa ba ka tambaye ni ba?"

"Da kin ce a'a."

"Ƙwarai kuwa."

"Shi ya sa."

"Wannan ba amsa ba ce, sata ce."

"Na sani." Ya juya yana kallon waje. "Ni ban iya ba, Vibse. In na riƙe cokali hannuna rawa yake, in ta ƙware sai in gudu baranda. Ke kina yi, ni ina kallo. Abin da na iya ke nan, kallo."

Na ce, "Wanke kwano fa? Shi ma rawa hannunka yake?"

Ya yi dariya, dariyar ta koma wani abu. Na bar shi. Na bayanmu ya yi ta hon.

Na so in tambaye shi maganar Jytte, ko da gaske Mor tana kiran sunana. Ban tambaya ba. Duk abin da ya ce ba zan yarda ba.

Juma'a, 28 ga Nuwamba, da rana

An binne ta jiya kusa da Baba. Kofi da kek a zauren coci, tsofaffin ɗalibanta sun cika wurin, wasu da sanda.

Yau Troels ya zo da wata magana. Wai akwai wata mata a Montevideo da take zuwa gidan nunin kullum in ta tashi daga aiki, ta tsaya a gaban zanen motar. Mahaifinta take jinya ita kaɗai. Wai ta tambaya ko za a sayar. Ya ce ya gaya wa Graciela wannan ba nasa ba ne, sai abin da na ce. In na ce a sauke shi daga bango ma, a yau za a sauke.

Na ce, "Kai ka ƙirƙiro ta."

"Vibse!"

"Ta yi daidai da yawa. Mace mai jinya, kullum, a gaban wannan ɗin. Ni za ka yi wa tatsuniya? In akwai ta, ina son ganinta."

Talata, 2 ga Disamba, da yamma

Akwai ta. Sunanta Nélida. Graciela ta je gidanta ta haɗa mu a kiran bidiyo.

Siririya ce, gashinta a ɗaure da roba, sanye da rigar aikin wani kanti. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa. Graciela ta fara fassarawa da Turanci, duk muka rikice, muka koma kallon juna. Ban san abin da na zata zan ce mata ba.

Sai wata murya ta tashi daga ɗaki na ciki, ta tsoho, da ƙarfi. Nélida ta lumshe ido. Ta ɗauki wayar ta je bakin ƙofa ta nuna mini: gado, tudun bargo, wani tsoho ba haƙori yana nuna ta da cokali, yana zazzaga mata masifa ba ko numfashi. Graciela ta ce, "Yana cewa..." Na ce ta bari, wannan ba ya buƙatar fassara. Miyar ta yi sanyi, ko ta yi zafi, ko an sace masa agogo.

Nélida ta juyo da wayar, ta ɗaga gira ɗaya. Dariya ta ƙwace mini. Ita ma ta fashe. Muka yi ta yi, ita a can ni a nan, har ta jingina da bango tana share ido, tsohon yana ƙara ɗaga murya don an raina shi.

Troels yana kicin yana wanke kwano, a hankali, kamar mai tsoron su fashe. Na ɗaga murya na ce a ba ta zanen motar. Ba sayarwa ba, a ba ta.

Ya leƙo da kumfa har gwiwar hannu. Ya ce, "Sauran fa?"

Na ce sauran ina tunani, ya koma bakin aikinsa.